Aljanin Tsamiyar Gidan Makau

Ranar da Mas'ud ya dawo ƙauyensu na gefen Anka da takardar kammala karatun likita, a daminar 2013, mahaifiyarsa Inna Habsu ta yanka zakaru biyu. Daga tsohuwar makaranta ya fito, wadda ta yaye likitoci da masu tiyata tun mahaifinsa Makau yana yawo ba wando, kuma duk ƙauyen ba wanda ya taɓa taka ƙofarta sai shi. Inna kuwa bakinta har kunne.

Ana kiran magariba, an shimfiɗa tabarma, dutse ya faɗo cikin akushin tuwo. Na biyu ya daki kwanon ɗaki. Makau ya zaga bayan katanga da sanda yana faɗa, bai tarar da ko akuya ba. Da ya duba duwatsun sai ya gane su, domin irin dutsen zinariyar da ya daina niƙawa ne a tsakar gidan shekara uku da suka wuce, tun da likitocin waje suka zo aka kankare ƙasar garin saboda gubar dalma.

Kwana biyar ana haka, kullum da faɗuwar rana. A na shida Nusaiba, ƙanwar Mas'ud, ta ajiye tsintsiya ta je ta zauna kan kututturen wata tsamiya da aka sare a gidan shekarun baya. Ba ci, ba sha, ba magana. Likitan gidan ya haska idonta, ya auna jininta, ya ce gajiya ce. Mai gajiyar nan ce fa ta ɗaga Makau da hannu ɗaya ta ajiye shi bakin rijiya.

Aka ɗauko Malam Zakariyya daga Gummi, dattijo mai sanyin murya. Ya zauna nesa kaɗan da ita bayan la'asar sakaliya, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye gidan. Can yarinyar ta ɗago, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Malam, bar ƙona ni. Ni aka zalunta."

"Wane ne kai, kuma mi kaka biɗa ga ɗiyar mutane?"

"Nan nike zaune tun ba a gina garin ga ba. Da ƙaramin yaronsu Faruk ya rasu, sunka ce ni na kashe shi, sunka sare min gida. Wanda ya riƙa gatarin kuwa ya san ƙarya ce."

Inna ta dafe ƙirji. Faruk autanta ne, ɗan shekara uku, wanda ya yi ta jijjiga a cinyarta har rai ya yi halinsa.

"Ina da ɗan'uwa cikin rufin makarantar likitan nan," in ji muryar. "Tun sa'adda anka aza tubalinta yake can, duk karatun da aka yi ya ji shi. Yana nan randa malaminsu ya koya musu abin da ƙurar dalma ka yi ma ƙananan yara. Ɗanku na layin gaba, har tambaya ya yi. Wata guda bayan nan ya zo hutu, ya ishe ana niƙa dutse kusa ga turmin hatsi, ya ishe yaron na amai. Ku tambaye shi mi ya ce."

Malam ya ce, "Ko hakanan ne, yarinyar ga ba ta yi maka komi ba. Fita."

"An raba ni da gida, na samu wani."

"Jikin musulma ba gidanka ba ne. Faɗi abin da ka raba ka da ita, in bai saɓa ma Allah ba."

Muryar ta ce, "Mai gatarin shi faɗi gaskiya da bakinai, gaban uwatai. In ya faɗi, na tahi."

Mas'ud ya tsaya da abin awon ƙirji rataye a wuya. Ya dubi ƙanwarsa, leɓɓanta duk sun tsage, ya san ba za ta ƙara kwana biyu a haka ba. Ya durƙusa.

"Na gane ciwon tun randa na iso. Na san in na yi magana za a bar niƙan, kuma da niƙan nike karatu. Na ce ma kaina in na koma zan aiko da magani. Da kunka ce aljani ne, sai na ji sauƙi, na amshi gatarin."

Nusaiba ta yi atishawa sau uku, ta sulale. Da ta farfaɗo ta nemi ruwa da muryarta ta da. Makau ya juya fuskarsa bango yana kuka kamar yaro.

Inna ba ta yi kuka ba. Baƙin cikin ya wuce na hawaye, domin ita ce ta ɗaure masa ƙilishi da fura ranar da zai koma makaranta, kwana bakwai bayan jana'izar, tana sa masa albarka. Mas'ud ɗan farinta ne, shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya irin ta uwa. Ya rarrafo zai riƙe ƙafarta, ta janye, ta dube shi cikin ido yadda ake duban ɗan maƙwabta.

"Mas'ud," ta ce, "tashi ka ba ni hanya."