Awarwaron da Ya Sha Batirin Surajo

A kasuwar Tudun Wada Surajo ya fara ganin Safara'u, kakar gyaɗar 1955. Ya tsayar da motar katakon da yake tuƙawa, ita kuwa 'yar Doguwa ce, tana sayar da fura a gindin tsamiya. Ina wurin. Duk waɗanda suka shaida abin sun riga mu gidan gaskiya, ni Ɗanliti kaɗai na rage, kuma har yau da haƙorana nake cin rake.

"'Yammata, a dama mini."

"Mai mota, kai da kake shan iskar Kano, me za ka yi da furar Doguwa?"

"Mai furar na zo gani."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Kafin kasuwa ta watse ta zare awarwaron tagulla daga hannunta ta saka masa a tafi. "Kada kowa ya gani," in ji ta.

Daga ranar mota ta soma ciwo. Takan wuni tana aiki lafiya, amma in ta kwana, da safe ko tari ba ta yi. Sai an tara ƙarti sun tura. Aka canja batir, sabon ma ya kwana ya mutu.

Hamman, wani mai shanu da ya daɗe yana son Safara'u, ya taka har Bebeji wajen mahaifiyar Surajo. "Inna, ki duba da kanki. Yaushe motar nan ta fara mutuwa?"

Inna ta duba, ta kira ɗanta. "Yarinyar nan farar ƙafa gare ta. Tun ba ta shigo ba ta kashe maka abin neman abinci. Ba da yawuna za ka aure ta ba."

Magana ta kai Doguwa, mata suka daina sayen furar Safara'u. Da Surajo ya je zance da la'asar, ta fito idanu jawur.

"Direbana, in ni ce masifarka, ka bar ni."

"Safare, ko jaki zan koma kora, ke zan aura."

"Inna fa?"

Washegari Surajo ya zo mini da kuka.

To, a zamanin nan daga Kiru har Doguwa babu bakanike kamata. Ban taɓa zama a aji ba, amma mota in ta gan ni gaskiya take faɗa. Na ce a turo ta ƙofar gidan Inna, a yi a gabanta. Inna ta shimfiɗa tabarma a zaure tana kallo, baki a taɓe.

Na kashe komai, na zare makulli. Na cire wayar batir, na ɗan taɓa ta a kan kansa. Tartsatsi ya yi ƙyas.

"Inna, kin gani? Motar tana barci, amma wani abu yana shan wuta."

"Ai na faɗa muku abin da ke sha."

Na cire wayar fitilun gaba, na taɓa. Ƙyas. Na cire ta oda. Ƙyas. Ni kaina, in faɗi gaskiya, gabana ya ɗan faɗi, kaɗan dai. Na cire wayar da ta bi bayan allon gaban direba, na taɓa. Shiru.

Na kwanta rigingine na cusa hannu. Sai na ji abu mai ɗumi rataye a kan waya. Girgizar hanya ta sa ya ci robar wayar, gefe ɗaya yana taɓa waya, ɗayan yana taɓa ƙarfen mota. Na zaro shi na ɗaga sama.

"Awarwaron wace ce wannan?" in ji Inna.

Surajo ya durƙusa. "Nata ne, Inna. Ta ce kada kowa ya gani, shi ne na ɓoye a can."

"Ita ta rataya?"

"Ni ne."

Inna ta daɗe tana juya shi a hannu. "Kai, sakarai! Aljihu nawa ne a rigarka? Ka sa na ɗauki alhakin 'yar mutane a banza."

Na naɗe wayar, muka bar mota ta kwana. Da hantsi Surajo ya murza makulli, bugu ɗaya ta tashi. Ya kifa kai a sitiyari yana ta hamdala.

Inna ta fito da sabon zane, ta ce a kai ta Doguwa. A tsakiyar kasuwa ta sauka, ta sayi furar Safara'u gaba ɗaya, ta sha a gaban mata, sannan ta kama hannunta. "'Yata, ki yafe mini."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Ni na tuƙa amarya zuwa Bebeji, Hamman ma ya aiko da ƙwaryar nono. A ƙofar ɗaki Inna ta dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Wanda kuma ya sake kawo mini gulmar surukata, da muciya zan raka shi."