Mai Tabarmar Ciyawa

Ku matso, ku rage murya. Labarin Mantau zan ba ku, Basarken nan, jinin masunta, ɗan Yawuri da ke tuƙa kwale-kwale a Legas. Wajen taurin kai, ko jaki sai ya sara masa.

Shekarar da ciyawar teku ta shigo mashigin unguwarsu, kowa ya ji a jikinsa. Jaja-jaja take, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta toshe hanya ɗaya tak da jirage ke bi zuwa kasuwa. Inji ya shaƙe, filafili ya maƙale, kifin mata ya riƙa lalacewa a kwando. Maza suka ce a jira hukuma. Mantau ya ce shi ba a koya masa jira ba, ya ɗauki lauje ya shiga shi kaɗai.

A can gida, Basarke ba ya taɓa ruwa sai ya yi wa masu wurin sallama. Gogan naku kuwa cewa ya yi ruwan gishiri ba shi da mai shi. Haka ya faɗa ciki bakinsa a rufe.

Kwana shida yana sara yana kwasowa tudu. Ran na bakwai, rana tsaka, iska ta ɗauke ɗif. Ko kukan tsuntsu babu. Sai ga mace tsaye a gabansa. Ya zaci a kan wani jirgi take. Ya dubi ƙasa. Babu jirgi. Kan ciyawar take tsaye, ciyawar ko lotsawa ba ta yi ba, yatsun ƙafarta kuma dogaye, sun nutse ciki kamar saiwa.

Ta gaishe shi da Hausar Yawuri, har da sunan kakansa. Bakinta bai motsa ba. Daga ƙarƙashin jirginsa muryar ke fitowa.

"Ka shigo ɗakina ba sallama, kana yanka mini tabarma."

Ya ji tsoro, kada wani ya ce muku bai ji ba. Amma ya daure.

"Sallama kam na yi laifi, Inna, ki yafe. Tabarmarki ce ta hau hanyar mutane."

Ta ce ita ma baƙuwa ce kamarsa, daga nesa ruwa ya kawo ta, bai kamata baƙo ya kori baƙo ba. In ya ajiye lauje, ita kuma za ta buɗe masa 'yar siririyar hanya, jirginsa kaɗai, kullum maƙil da kifi.

"Sauran jiragen fa?"

"Su ruɓe."

Mantau ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya kai sara daidai gaban ƙafarta.

Ciyawar ta naɗe laujen, ta hau hannunsa, sanyi ƙalau. Ta ja, ya ja. Da ya ga jirgi zai kife, ya saki laujen ya fizge hannunsa, ya tuƙo da hannu ɗaya har tudu bai waiwaya ba.

Tun daga ranar hannun dama ya shanye. Wani da sai ya tattara ya koma Yawuri. Shi kuwa mazan unguwa ya tara, ya nuna musu hannun, ya ce gobe da hagu zai koma, mai kunya ya biyo shi. Jirgi goma sha tara suka bi bayansa. Ba ta fito ba. Kafin mako ya zagayo, mata sun kai kifi kasuwa.

To, duk wanda ya je Legas a cikinku, kada ya kuskura ya shiga mashigin nan shi kaɗai. Ciyawar tana dawowa duk shekara, kuma yanzu matar tana da lauje.