Gidan da Aka Toshe wa Rariya

Ranar da dutse na farko ya faɗo, Hindatu tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, kaji kuma sun fara kewaya tsohon turmi suna neman makwanci. Bazara ce, irin wadda ko rana ta faɗi bango ba ya hucewa. Kwanansu tara ke nan a sabon gida, ko kuwa sha ɗaya ne, can ƙarshen garin Madawa, inda gidaje suke ƙarewa gangaren ƙorama ya fara. Ladan bai kai ƙarshen kiran magariba ba sai aka ji ƙwal a kan kwanon ɗaki. Abin ya gangaro a hankali, ya faɗo kusa da ƙafarta.

Mijinta Zakariya'u ya ajiye buta ya leƙa waje. Babu yaro, babu babba, sai wani jaki can nesa ya sunkuyar da kai. Da ya dawo ya ɗauki dutsen, sai ya tsaya yana juya shi a tafin hannu. Fari ne, sumul, girmansa kamar ƙwan zabuwa, kuma jiƙe yake sharkaf. Wata bakwai ke nan ɗigon ruwa bai sauka a garin ba.

Sai na ɗan koma baya, don a san yadda suka shiga gidan. Zakariya'u mai gyaran injin ban-ruwa ne, duk masu lambun albasa na yankin sun san shi. Shekara goma sha shida yana haya. Sau shida suka tashi: nan ɗan mai gida zai yi aure, can an sayar da gidan suna ciki. Akwai kwanonin auren Hindatu da ba ta taɓa kwancewa daga buhu ba, tana cewa sai ranar da ta sami bangon da ba wanda zai ce ta sauke. Saboda haka da wani dillali da ake kira Ɗanmaraya ya ɗauko shi a babur da rana tsaka ya nuna masa gidan, zuciyarsa ta riga ƙafarsa shiga.

Ba a ce bai duba ba. Ya karanta takardun fili har sau uku, ya ga hatimi. Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi ko akwai gara, ya kunna wuta ya kashe. Abin da bai yi ba shi ne ya yi sallama a gidan da ke maƙwabtaka, ko ya dawo da yamma shi kaɗai. A gindin katangar gabas kuwa akwai wata rariya mai faɗi, wadda akuya za ta shige ba ta durƙusa ba, an shafe bakinta da kyau kamar ƙofar rumbu. A katangar yamma ma akwai ƴar'uwarta, suna kallon juna.

"Wagga hwa?" in ji Zakariya'u.

"Tsohon da yag gina gidan awaki garai," in ji Ɗanmaraya, yana duba agogo. "Buhun siminti guda ya kashe magana. Akwai wani alhaji da ka jira na, in ba ka so."

Kafin su tare, ya kira magini ya toshe su duka biyun. Ya tsaya tsakar gida ya juya gabas da yamma, ya ga katanga ta haɗe ba kafa ko ta ɓera, ya ce yau ya zama mai gida.

Daga ranar dutse na farko, magariba ba ta sake zuwa musu da sauƙi ba. Washegari uku suka faɗo. Bayan nan aka daina ƙirgawa. Kullum farare, kullum jiƙaƙƙu, kullum daidai lokacin da haske yake janyewa daga saman katanga. Sai kuma aka fara jin tafiya ta bayan katangar gabas, tafiya mai nauyi ta kofatai da yawa, da huci irin na shanun da suka iso bakin rijiya suka tarar an rufe. Su zo, su tsaya, su yi ta kai da komo. In Zakariya'u ya zagaya da fitila, ko sawu ɗaya ba ya gani a kan rairayi.

Ɗiyarsu ta fari, Bushira, shekararta goma sha uku, tana zuwa makarantar kolej. Yarinya ce mai surutu, wadda sai an ce ta yi shiru a ci abinci. Wata yamma uwar ta kira ta ta ɗauko miya ba ta amsa ba. Aka same ta tsugune a gindin katangar gabas, tana ƙwaƙular sabon siminti da farce, yatsunta duk jini, idonta a buɗe amma ba ya kallon kowa. An kai ta likita, an auna, ba a ga zazzaɓi ba. Da rana tana nan lafiya, sai dai ta yi shiru, tana ramewa. Rana na sunkuyawa sai ta miƙe ta nufi katanga, kuma sai mutum biyu sun riƙe ta.

Ranar da Hindatu ta mayar da kwanoninta cikin buhu, Zakariya'u ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta.

"Malam, mu koma haya," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Haya ina? Shekara sha shida, Hindatu."

"Ko ɗaki guda ne. Ni dai ba ni zama ina kallon yarinyag ga tana ƙarewa."

Ba ta faɗi sunan ba, don ɗiyar fari ce, kuma tun da aka haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakin uwar ba. Ya fita zaure ya zauna. Ya san in ya bar gidan nan ba zai sake mallakar wani ba, kuma wa zai saya, bayan duk unguwa ta ji ƙarar duwatsu?

A nan wata tsohuwa ta same shi, tana dogara sanda. Inna Balki ce, mai gidan da ke jikin nasa.

"Kai ne angon gida?" ta ce. "Kwana ashirin ina shara ƙohwar gida ina jiran sallamarka. Na ce ko miji nawa bebe ne."

"Inna, a yi mani gahwara. Hidima ce tay yi yawa."

"Hidima. Ka tambayi takarda, ka tambayi mai babur, ni da niy yi shekara arba'in nan ba ka tambaye ni ba. Da ka zo da na ce maka kada ka taɓa rariyoyin Umar, wanda yag gina gidan. Mai babur ya ce maka don awaki na? Wane awaki? Umar ko kaza bai kiwo."

Ta ce ita ma ba ta san gindin maganar ba. Abin da ta gani da idonta shi ne, duk magariba matar marigayi Umar takan janye yara da tabarma daga tsakanin rariyoyin biyu, har ta mutu ba ta taɓa kafa murhu a wurin ba. Ta ce a aika garin Galma a kira wani malami, Malam Mahdi.

Malam Mahdi na san shi, mun zauna gaban malami ɗaya muna samari, a Urno ne ko Babankatami, wannan ya ɓace mini. Ɗan ƙaramin mutum ne mai sanyin murya. Ya iso da la'asar a motar kasuwa, da jakar fata ɗaya. Bai nemi turare ba, bai nemi kaza ba. Ya sha ruwa, sannan ya fita ya zagaya katanga ta waje a hankali, ya bi gangare har ƙorama, ya dawo ya daɗe yana duban ƙasa. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu kusa da katangar gabas, ya zauna yana jan casbi har inuwa ta cinye tsakar gida.

Da ladan ya ɗaga murya, dutse ya faɗo. Bushira ta fito daga ɗaki tana tafiya kamar mai ɗauke da kaya. Malam ya ɗaga hannu kada a riƙe ta. Ya fara karatu ƙasa-ƙasa, yana tofawa a ƙwaryar ruwa. Bai kai rabin abin da ya ɗauko ba yarinyar ta juyo, ta zauna a kan dugaduganta yadda tsofaffin makiyaya suke zama, ta yi magana da muryar da ba tata ba, murya mai kauri, busasshiya.

"Bari ƙona ni, malam. Ba da kai nika ba."

"To da wa kake?"

"Da wanda yat tare mani hanya. Nan nika bi da bisashena in kai su ruwa, tun babu gari, tun masu raƙuma na zuwa amsar hatsi. Wancan tsoho ya tambaya kahin shi aza tubali. Wanga bai tambayi kowa ba. Kwana ashirin maruƙana ba su sha ba."

Hindatu ta toshe baki da gefen mayafi.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Mi kake so?"

"Su tashi."

"Ba su tashi. Da guminsa yas saya."

"To a bar mani yarinyag ga ta kora mani maruƙa."

"Ita ma ba ka samu. Ɗiyar mutane ta, kuma ba ita tat toshe ba. Ka ji tsoron Wanda yay yi mu, yay yi ku."

A bayan katanga kofatai suna ta sassarfa, suna juyawa.

"Baƙin bunsuru," in ji muryar, a gajiye.

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Hanya kac ce an tare maka. Hanya za a ba ka, ba ƙari. Kai kuma ka yi alkawari: ba jihwa, ba taɓa kowa na gidan ga, har jikoki."

"Na yi. Amma tsakanin rariya da rariya, kada a kahwa murhu, kada a watsa ruwan zahi, kada a shimhiɗa tabarma in rana ta hwaɗi. Kuma wanda yat toshe shi buɗe da hannunshi. Yanzu."

Aka miƙo wa Zakariya'u gudumar aikinsa. Ya tsaya gaban katangar yana duban simintin da ya yi ta shafawa da tafin hannu ranar da ya bushe. Ya tuna gidajen haya shida, da yadda kowane ke da wata kafa da ba shi da ikon toshewa. Hannunsa ya ƙi ɗaguwa.

"Malam," in ji Hindatu daga bayan mijinta. "Bushira. Dubi Bushira."

Jin sunan a bakinta ya sa ya ɗaga gudumar. Bugu huɗu simintin ya zube. Ya ruga yamma ya fasa ɗayar. Sai wata iska mai sanyi, mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta shigo ƙasa-ƙasa ta rariyar gabas, ta ratsa tsakar gida ta fice. Ta daɗe tana wucewa. Ba wanda ya ga kome, amma kowa ya janye ƙafarsa. Da ta ƙare, yarinyar ta kife a gefe ɗaya, sannan ta buɗe ido ta ce da muryarta ta kullum, "Inna, ƙishi nika ji."

Hindatu ta sake kwance buhun kwanoni a makon nan. Da ruwan farko ya sauka, wani ruwa ja ya gangaro daga tudu, ya shiga ta rariya ɗaya ya fita ta ɗayar da ƙarfin da zai iya kayar da katanga. Malam Mahdi da aka ba shi labari, murmushi kawai ya yi.

Yanzu in wani matashi ya zo wurin Zakariya'u da injinsa ya ce yana neman gida, sai ya ajiye sufana ya zaunar da shi. Yakan ce a duba takarda, amma kada a tsaya nan. A sallami dillali, a koma da magariba a zauna shiru har duhu ya fara. In da hali a ga gidan da damina. A nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin, a gaishe ta da goro. Abin da aka tarar a buɗe kuma, kada a rufe sai an ji dalilin wanda ya bari.

Ba a sake jifa a gidan ba. Awakin unguwa suna shigowa ta rariya su ci dusar Hindatu, tana korar su tana faɗa. Bushira ta mayar da jikinta, surutunta ya dawo, ba ta tuna kome. Sai dai na zauna a tsakar gidan nan wata yamma, bara ne ko bariya, tana tsinke zogale tana ba mu labarin makaranta. Ladan na fara kira, ba ta katse maganarta ba, ba ta ma duba ƙasa ba, sai na ga ta tattare ƙafafunta a hankali ta matsa gefe, yadda ake yi wa babba in zai wuce.