Inci Uku a Ƙugunsa

Auta ta zagaya tef ɗin awo a ƙugunsa, ta duba, ta sake dubawa.

"Inci uku ka rage," ta ce a hankali.

Direba, wanda saura wata guda ya aure ta, ya shafa tumbinsa yana dariya. "Alhamdu lillahi. Ki rage min wandunan nan, kar su kunyata ni a tasha."

Ita ba ta yi dariya ba.

Wata biyu ke nan da likita ta ce jininsa ya hau, zaman mota ya yi masa yawa. Tun ranar ya daina zuba sukari a shayi, ya bar lemon kwalba ya koma ruwa, ya koma cin abinci a ƙaramin faranti, kullum da safe kuma a ƙafa yake zuwa tasha.

Kowa yana yaba masa, ban da ita.

Shekara biyu da suka wuce, a gaban madubin shagon ɗinkin nan na Auta yayarta ta tsaya cikin rigar amarcinta tana cewa, "Ƙara matse ta, Auta, kafin biki zan shiga." Sau uku Auta ta matse rigar. Ba ta san Yaya ƙwayoyin rage ƙiba take sha ba, tana yini ba ci. Saura kwana tara biki ƙodarta ta daina aiki, ta rasu.

Har yau in Auta ta taka keken ɗinki, takan ji muryar nan cikin ƙararsa: ƙara matse ta...

Sai ta shiga aika wa Direba abinci kwano-kwano, mai yana ninkaya a kai.

Yayarsa, wadda tun farko ta so ya auri ƙanwar mijinta, ta zo har shago ta dire kwanon a kan tebur.

"Likita ta hana shi, ke kina ɗura masa. So ne wannan, ko takaba kike sha'awa?"

Da yamma Auta ta aika wa Direba saƙo: a fasa auren.

Washegari da sassafe ta tarar da shi zaune a bakin shago.

"Laifin me na yi, sanyin idona?"

"Ba zan iya ba..." ta ce. "Na taɓa kallon mutum yana raguwa a hannuna, ina aunawa, ina taya shi murna. Da hannun nan na taya Yaya tafiya."

Ya miƙe tsaye.

"Rufe shagon, mu je."

Asibiti ya kai ta. Likitarsa, wata dattijuwa, ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yata, yayarki yunwa da guba ta haɗa wa jikinta, kuma ta ɓoye muku. Shi wannan sau uku yake ci a rana, a hankali yake sauka, ina duba shi duk wata. In kina son ya daɗe miki, rage man girkinki."

Auta ta kifa kai a gwiwa, ta yi kukan da ta shekara biyu tana haɗiyewa.

An ɗaura auren, yayarsa tana cika tana batsewa.

Yanzu tare suke takawa da safe, ya raka ta shago kafin ya wuce tasha. Hanyar ta gefen maƙabarta take bi. Da, Auta zagaye take yi don kar ta ga katangar. Ran nan ta tsaya, ta ɗaga hannu ta yi addu'a, shi kuma yana gefe yana cewa amin.

"Kina jin muryarta har yanzu?" ya tambaya.

"Wani lokacin." Ta share ido da bakin mayafi. "Amma yau ba ta ce komai ba."