Ramin da Gregory Ya Zuba wa Tanki

Ni ba mai yawan magana ba ne. Wannan ma sau ɗaya zan faɗe shi.

Gregory ɗan ƙanena ne. Yana da shekara tara aka tafi da shi Jamus, bai sake taka ƙasar nan ba sai bara. Ya zo da matarsa Clara, Baturiya, da 'yarsu Milka mai shekara biyar. Ba a jirgi suka zo ba. Wata farar mota suka tuƙo tun daga can, wata huɗu suna hanya, ƙasa bayan ƙasa. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da firji, har da bayan gida. Su ci a ciki, su kwana a ciki, su yi kashi a ciki. Ban taɓa ganin ƙazanta mai tsada irin wannan ba.

Da suka iso Kafanchan, ya ce in raka su tsohon ƙauyenmu da ke bayan Nok, su ga kabarin kakansa. Na shiga.

A hanya na nuna masa wani dutse, na ce in rana ta faɗi ba a tsayawa a gindinsa.

Ya yi dariya. "Baba, kai fa dattijon coci ne. Har yanzu kana riƙe da wannan labari?"

Ya juya wa matarsa maganar da yarensu. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. A gaban idona.

Daga nan na kama bakina.

Mun ga kabari, sun ɗauki hotuna, muka juyo. Rana ta yi ja a kan gonakin citta. Milka ta yi barci a gadon baya. Sai wari ya fara tashi a cikin motar. Gregory ya ce tankin bayan gida ya cika, dole a zubar. Ya taka burki.

Daidai gindin dutsen.

Ya zagaya gefen motar, ya buɗe wata 'yar ƙofa, ya zaro tankin. Kamar akwatin tafiya yake, har da mariƙi. Wai dokar masu irin wannan mota ce, ba a zubarwa a fili, sai an nemi rami. Ya dudduba, ya samu. Rami ne a jikin dutsen, an kewaye bakinsa da duwatsu, ga fasasshiyar tukunya a gefe.

"Baba, ga tsohuwar shadda ma," in ji shi.

Ba shadda ba ce. Nan kakanninmu ke zuba farkon burkutu da sabuwar acca, rabon masu zama a ƙarƙashi. Ko bayan zuwan coci, babu wanda ya taɓa kai garma kusa da wurin.

Na sani. Ina tsaye ina kallonsa. Kalma ɗaya ta isa. Ban faɗa ba. So nake ya ɗan ji tsoro, ya san ni ba abin dariya ba ne. Iyakar abin da na so ke nan.

Ya kwance murfin, ya karkata.

Ruwan shuɗi ne, mai kauri, saboda maganin da suke zubawa a ciki. Warinsa kamar na asibiti haɗe da kashi. Ya daɗe yana gangarawa, ɓul, ɓul, ɓul.

Gyare suka yi shiru. Kwaɗi ma haka.

Daga can ƙasa, wani abu ya yi tari. Tarin ƙaramin yaro. Sai ƙara guda ɗaya, gajeriya, kamar an toshe bakin mai yin ta.

"Akuya ce," in ji Gregory. Amma da sauri ya mayar da tankin. Bai kulle 'yar ƙofar ba.

Muka shiga. Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ta mutu. Ya sake. Clara ta kunna fitilar waya, su biyun suka sunkuya suna duban wayoyin da ke ƙarƙashin sitiyari.

Ni ina kujerar tsakiya. Ni kaɗai na ji.

Ƙarar 'yar ƙofar waje. Sai jan jiki a cikin bayan gida.

Mariƙin ƙofar bayan gidan ya sauka a hankali.

Mace ce. Tsawonta bai kai ƙuguna ba. Jikinta kamar yumɓun da aka gasa, duk tsaga. Tana rungume da yarinya. Fatar yarinyar ta saluɓe, shuɗin ruwa na fita ta hancinta da bakinta. Ba ta motsi sosai.

Matar ba ta kalli Gregory ba. Ni ta kalla.

Ta yi magana ƙasa-ƙasa, da tsohon yaren Jaba irin na kakata.

"Shi baƙo ne. Kai ka sani."

Na nemi sunan Yesu a bakina. Harshena ya ƙi tashi.

"Jikin 'yata ya lalace. Ba zan koma hannu wofi ba. Kai, ko waccan?"

Ta matso. Yatsunta suka taɓa gwiwata. Sanyi ya hau har ƙirjina, numfashina ya tsaya.

Shekarata saba'in da huɗu. Na ci rabona na duniya.

Na ɗaga yatsa.

Na nuna gadon baya.

Sanyin ya sake ni. Na runtse ido. Na ji katifa ta lotsa. Na ji Milka ta ja dogon numfashi.

Motar ta tashi.

Gregory bai sassauta ba sai da muka ga fitilun Kafanchan. Clara ta leƙa baya, ta ce yarinyar barcinta take. Har ya yi mini ba'a. "Baba, ka ga? Batir ne kawai."

Da safe Milka ta farka. Clara ta miƙa hannu za ta ɗauke ta, yarinyar ta gantsara mata cizo har jini. Ta rakuɓe a lungun gado tana kuka, tana magana da tsohon yaren Jaba. Yaren da ko ubanta bai iya ba.

"Baba, me take cewa?"

Na ce yunwa take ji.

Uwarta take kira. Ba Clara ba.

An kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Fasto ya yi addu'a kwana uku. A ƙarshe suka hau jirgi da ita, suka bar motar a ƙofar gidana. Gregory yakan kira ni. Ya ce Milka ba ta yarda da hasken rana, kullum tana ƙarƙashin gado. Clara ta daina magana da kowa.

Bayan wata biyu, Azariya mai gonar citta kusa da dutsen ya zo ya same ni. Ya ce 'yan ƙwadago sun ƙi yi masa aiki. Wai da yamma suna jin kukan yarinya a cikin ramin, da wani yaren Turawa.

Na hau acaɓa na je, da tsakar rana. Na durƙusa a bakin ramin. Warin maganin yana nan.

Kukan ya tsaya. Ta ji ni.

Sai wata 'yar murya, wadda ta dishe, ta faɗi kalmar Hausa guda ɗaya da ubanta ya koya mata.

"Kaka?"

Na daɗe a durƙushe. In wani ya ji, za a tambaya. In an tambaya, za a kai ga Gregory.

Na mirgino wani faffaɗan dutse, na rufe bakin ramin. Na cike gefe da gefe da ƙasa, na tattake.

Azariya ya ce yanzu 'yan ƙwadago sun koma aiki.