Mahaukacin Cikin Kaset

"Kalli da kyau, Barakatu! Mijin da kika kawo mana ke nan?"

Umma, mahaifiyarta, ce ke magana, yatsanta a kan gilashin talabijin.

Barakatu ta kalla. Ga Abdulghani cikin tsumma, kansa duk toka, yana rigima da kare a kan bola. Ba ta ji komai ba, ko kunya.

Na'ibi, ɗan ƙanwar Umma, shi ya kawo kaset ɗin daga Kano zuwa nan ƙasa mai tsarki. Ya daɗe yana sonta, ita kuwa ta ce Abdulghani, mai gugan nan na unguwar Mahjar, take so.

"Wasan kwaikwayo ne, Umma..."

"Wasa? Mai hankali zai juya ido haka? Hauka jini yake bi, ya binti. Ba zan goya jikan mahaukaci ba. Halas, magana ta ƙare!"

Washegari Barakatu ta sami Abdulghani a shagon guga.

"Me ya sa ka ɓoye mini?"

Ya ajiye dutsen gugar a hankali.

"Tun ina makaranta a Zariya na fara hawa dandamali. Sau ɗaya na fito a mahaukaci, mutane suka yi dariya har da hawaye. Shi ke nan, ba a sake ba ni wani matsayi ba. A dandamali mahaukaci, a talabijin mahaukaci. Yara na jifa na a kasuwa. Duk gidan da na je neman aure, sai a ce in je in warke tukuna."

"Sai ka gudo."

"Na zo Umra, na ƙi komawa. Na bar wasa har abada, habibti."

Mahaifinta, Malam Saleh, ba ya yanke hukunci cikin fushi. Ya sa aka kira Abdulghani gidansu na unguwar Karantina bayan La'asar.

"Yaro, idan sana'a ce, ka shiga haukan ka fita a gabanmu. Yalla, fara."

Abdulghani ya dubi Barakatu.

"Yi, don ni," ta ce.

Ya cire hula. Kafaɗarsa ɗaya ta zube, bakinsa ya karkace. Ya gai da buta da ladabi, ya tambaye ta mutanen gida, ya yi fushi don ba ta amsa ba. Yaran maƙwabta suka cika ƙofa, mata suka leƙo ta taga. Umma ta toshe baki da gyale, dariya ta ƙwace mata.

Sai ya tsaya cak. Ya mai da hularsa, ya durƙusa.

"Baba, na gama."

Gidan ya kaure da tafi.

"Mashallah!" in ji Malam Saleh. "Wannan hankali ne ya yi yawa. Na ba ka ita."

Umma ta rangaɗa guɗa. Na'ibi ya sulale ya fita.

Barakatu kuwa fuskar Abdulghani take kallo. Duk zamansu ba ta taɓa ganin idonsa da haske irin wannan ba. Kuma ba ita yake kallo ba. Masu tafin yake kallo.

Ana cikin shirin biki ta koma shagon. Kaya sun taru, dutsen guga ya yi sanyi.

"Na'ibi ya zo," ya ce, bai ɗago ba. "Ya ce yanzu a Kano matasa na yin fim a kaset, suna neman tsofaffin hannu. Wai har suna tambayar inda nake."

"Ka san dalilin da ya sa ya faɗa maka."

"Na sani."

"Amma ba ka iya barci."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, in na miƙa kaina ga hukuma za a mai da ni gida. Ki biyo ni, ruhina... don Allah!"

"A nan aka haife ni, Abdul. Ban san kowa a Kano ba. Umma da Baba ba su da kowa sai ni."

"To, ki ce in zauna. Wallahi zan zauna!"

Ta san da gaske yake. Zai zauna, ya goge rigunan mutane har ya tsufa, kullum ya dawo mata da murmushin da ba ya kai wa ido. Ta jira kuka ya zo mata, bai zo ba.

"Ka tafi," ta ce. "Allah Ya tsare hanya."

"Barakatu..."

Ta gyara abayarta, ta fita.

A gida ta tarar da tela ta zo, an baza atamfofi a kan tabarma, Umma na zaɓen na ranar kamu.

"Ga amarya! Zo a auna ki, ya binti. Me ya ce game da ɗaki?"

Barakatu ta buɗe baki, ta ga fuskar Umma, ta rufe. Gobe za ta faɗa musu an fasa bikin.

"Ɗaga hannu, amarya," in ji tela.

Ta ɗaga.