Randar Auren Tekla

"Baba! Ka buɗe randar?!"

Tsoho Otar bai ko ɗago ba. Yana durƙushe a rumfar inabi, yana kankare yumɓun da ya liƙe bakin randar giyar da ya binne ranar da aka haifi 'yarsa Tekla. A yankinsu na Kakheti ba a taɓa irin wannan randar sai ranar auren 'yar.

"Na buɗe. Lahadi za a aske wa saurayinki Tornike gashi, a sake masa suna. Daga nan ya zama na gidan zuhudu, ba shi ba aure har kabari. Ungo, kai masa. In ya sha bai sauko ba..."

Tari ya sarƙe shi. Tekla ta karɓi kwalbar giyar da ya miƙo mata, ta cusa a jaka. Motar baƙi ta riga ta tsaya a ƙofa.

Aikinta ke nan: ta ba baƙi giyar Baba su ɗanɗana, ta haura da su dutse, ta nuna musu gidan zuhudu. Wato ita ce mai kai mutane kallon wurin da ya cinye mata masoyi.

Cikin baƙin akwai wani mai gyale a wuya, ana wannan rana. Ya juya kofi, ya zurma hanci ciki, ya lumshe ido.

"Hmm... ina jin ƙamshin tsohuwar fata... da jiƙaƙƙen dutse. Ke me kika ji?"

"Inabi, ranka ya daɗe."

Ya kurɓa, ya kurkure baki, ya nemi inda zai tofar. Baba ya dafe ƙirji.

"Haɗiye, ɗana! Me ta yi maka?"

A hawan dutse mai gyale ya daina jin ƙamshin komai, sai haki. Tekla na gaba, kwalba na dukan bayanta.

Bara da kaka aka sa bikinta da Tornike. Sai mahaifiyarsa ta kwanta, likitoci suka sallama. Ya durƙusa a coci ya yi alkawari: in ta tashi, ya ba da ransa ga bautar Ubangiji. Ta kuwa tashi. Ga ta can yanzu tana faɗa da maƙwabta a kan kaji. Da wa Tekla za ta yi rigima? Da tsohuwar da ta ƙi mutuwa?

A ƙofar gidan zuhudu ta raba wa mata ɗankwali daga kwando, ta tura kowa kallon zanen bango, ta zagaya baya.

Tornike yana faskare. Gemu ya cika masa fuska, baƙar riga ta yi masa yawa.

"Tekla..."

"Ka rame. Gemun ma bai yi maka kyau ba."

"Har yanzu bakinki bai mutu ba."

Ta miƙa kwalbar. Ya dubi jan abin da ke ciki, ya dube ta. Gatarin ya sulale ƙasa.

"Randarki ce?"

"Baba ya gaji da jira. Sha, masoyina. Kurɓi ɗaya... ka sauko mu tafi gida. Allah ai ya ga ƙoƙarinka!"

"In na sauko ta sake kwanciya fa? Zan iya kallonki?"

"In ba ka sauko ba, ni wa zan kalla?"

Ya rungume kwalbar kamar jariri. Hawaye ya gangara ya ɓace a gemun.

"Yau Laraba, muna azumi, ko ɗigo ba zan iya ba. Bari in ba babbanmu. Ranar Lahadi da ita za a yi ibada... da ita zan ɗauki alkawarin. Ki yafe mini, rabin raina."

Tekla ta buɗe baki.

"Malama!" mai gyale ya leƙo. "Shirun wurin nan... kin ji yadda yake wanke zuciya?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Mota na jira."

Da yamma ta tarar da Baba a bakin randar, ya sa rigarsa ta zuwa biki. Ya dubi bayanta. Ba kowa.

"Bai sha ba?"

"Sai Lahadi. A coci, ba a nan ba."

Ya zura ludayi cikin randar, ya cika kofi biyu.

"To, mu sha namu, 'yar Baba. Ba a mai da yumɓu sau biyu."

Ta kurɓa.

"Me kika ji a ciki?"

"Inabi, Baba," ta ce.

Sai ta kifa kai a kafaɗarsa, ta fashe da kuka.